Yaro Mai Ƙiriniya da Kullen 2020 a Katako

Unguwar Katako, wadda take cikin ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, ta yi suna ne da kasuwarta ta katako da hatsi da gwanjo, kuma kasuwar ta daɗe tana ɗauke wa iyaye nauyin yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya. Irin wannan yaro, wanda ake kira mai ƙiriniya ko mai rawar kai, akan raba yininsa tsakanin makarantar allo da ta boko da aike da zaman shago, ta yadda zai koma gida a gajiye. Likitoci suna kiran matsanancin wannan hali ADHD, wato larurar ƙarancin mayar da hankali da yawan motsi, wadda likitan yara George Still ya siffanta a Landan a 1902, ko da yake ba kowace ƙiriniya ce larura ba.

Tsarin raba yinin yaro ya tsaya cik a 2020, lokacin da aka rufe makarantu a watan Maris saboda annobar korona, sannan Gwamna Simon Lalong ya sanya dokar kulle a jihar Filato a watan Afrilu. A gidajen haya masu ƙuntataccen tsakar gida, nauyin ya koma kan iyaye mata, waɗanda suka riƙa tsara wa yaro ƙananan ayyuka, kamar ɗiban ruwa da tsintar wake da bitar allo, a kan lokutan salla biyar, tsarin da ya yi kusa da shawarar likitoci ta gajeren aiki a tsayayyen lokaci.