Zumunci a Ƙafa Yake: Zaman Asusu da Tarukan Sada Mata Masu Sana'a a Garhanga, Jihar Tawa

Tsakure

Ƙungiyoyin agaji kan shirya wa mata masu sana'a tarukan sanin juna a Yamai da Tawa, bisa zaton cewa matar karkara ba ta da mutane. Wannan maƙala ta auna wannan zato da yadda rayuwa take a ƙaramar hukumar Garhanga ta gundumar Keita da maƙwabtanta na Buza da Madawa. Ta nuna cewa zaman asusu na mako-mako, irin na Mata Masu Dubara, ya riga ya ɗauki aikin da ake nema daga waɗancan taruka, kuma aure da buki ne suke kai sanayyar mace nesa da garin da take zaune.

Gabatarwa

Garhanga na cikin ƙananan hukumomi huɗu na gundumar Keita, tare da Keita da Tamaske da Ibohamane. Ƙasar Adar ce, ta duwatsu da kwari da fako. Da an gama girbi magidanta da samari kan tafi biɗa, wasu Nijeriya, wasu Abijan, wasu Kamaru ko Libiya, su bar gida a hannun mata har faɗuwar ruwa, wani lokaci har shekaru. Macen da wannan maƙala take nufi ita ce wadda sana'arta take ciyar da ita, take kuma toshe wata kafa ta gari: mai kula da injin niƙa na ƙungiya, mai riƙe da makullin rumbun tsimi, mai renon dashen itatuwa, mai turkar rago da kuɗin asusu. Tun da Bill Drayton ya kafa ƙungiyar Ashoka a 1980, musamman bayan Muhammad Yunus ya karɓi kyautar Nobel a 2006, duniya ta samar wa irin wannan mutum suna da taruka da lambobin yabo. Tambayar ita ce: a ina matar Garhanga take samun mutanen da sana'arta ke tafiya da su?

Bitar ayyukan da suka gabata

Kan adashe da buki ba a bar wani babban giɓi ba. Shirley Ardener ta yi nazarin adashe a ƙasashe da dama a 1964. Tarihin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta fitar a 1954, ya nuna matsayin ƙawa da gudummawar buki a rayuwar Bahaushiya. Polly Hill ta bayyana cinikin cikin gida na matan kulle a 1969, sai Guy Nicolas a 1986 da Barbara Cooper a 1997 suka bi sawun kyauta da ramuwarta a ƙasar Maraɗi. Da waɗannan babu jayayya.

Jayayyar tana tare da magadan Mark Granovetter. A 1973 wannan masani ya kawo hujja cewa sabon labari, kamar na gurbin aiki, ya fi zuwa daga wanda aka yi wa sanin shanu fiye da daga aminin kusa, domin aminanka abin da ka sani shi suka sani. Ronald Burt ya faɗaɗa batun a 1992, Robert Putnam kuma ya yaɗa bambancin zumuncin cikin gida da zumuncin da ke haɗa nesa da nesa a 2000. Hujjar tana da ƙarfi a inda aka gina ta, wato tsakanin ma'aikatan ofis na wata unguwa a gefen birnin Boston na Amurka. Matsalar ta taso ne lokacin da masu tsara ayyukan raya karkara suka ɗauke ta ɗungurungum suka yanke hukunci biyu. Na ɗaya, wai matan ƙauye zumuncin cikin gida kawai suke da shi. Na biyu, wai maganin haka shi ne a kwashe su a mota a kai su zauren otal su gaisa da baƙi. Ba a gwada hukuncin farko da tsarin aure na ƙasar Hausa ba, kuma da an gwada da na biyun bai tsaya ba.

Akwai kuma masu ganin cewa Furojen Keita ne ya koya wa matan yankin haɗa kai. An fara wannan aiki a 1984 da kuɗin Italiya, hukumar FAO na gudanarwa, hukumar PAM na biyan ma'aikata da abinci, daga baya ya faɗaɗa zuwa Buza da Abalak. Alƙaluman aikin sun nuna an dasa itatuwa kimanin miliyan 18 tsakanin 1984 da 2002, kuma mata ne suka fi yawa a wuraren haƙa ramuka da jera duwatsu. Sai dai littafin Benedetta Rossi na 2015 kan tarihin Adar ya ja hankali ga wani abu da hotunan furoje ba sa nunawa: yawan matan yana da nasaba da tafiyar maza da talauci da tsohon bambancin asali. Wadda ke da abin kai wa bakin salati ba ta cika ɗaukar dutse don mudun abinci ba. Saboda haka ba za a ɗauki layin karɓar abinci a matsayin shaidar ƙungiya ba.

Hanyar bincike

An karanta rubuce-rubucen da aka ambata, da bayanin William Grant da Hugh Allen na 2002 kan tsarin Mata Masu Dubara, aka jera su da abin da kowane ɗan Adar ya sani na aure da buki da cin kasuwa. An auna kowane irin taro da tambayoyi uku: wa ke zuwa, sau nawa ake haɗuwa, me ke rataye a wuyan wadda ta zo. Lissafin da ke ƙasa na misali ne.

Zaman asusu

Ƙungiyar CARE ta shigo Nijar a 1974, kuma a 1975 ta fara dasa layukan dogonyaro masu tare iska a kwarin Majiya na gundumar Buza. A 1991 ne, a jihar Maraɗi, wata ma'aikaciyarta 'yar ƙasar Norway, Moira Eknes, tare da matan ƙauye suka gyara adashe ya zama Mata Masu Dubara. A adashe zubi ake yi, mutum ɗaya ta kwashe, a jira zagaye. A sabon tsarin kuɗin na zama a akwati, a ba da rance na ɗan lokaci, a dawo da shi da ɗan ƙari, a raba uwa da riba a ƙarshen zango. Zuwa 2002 Grant da Allen sun ƙirga mata fiye da 160,000 cikin ƙungiyoyi sama da 5,000, tsarin kuma ya riga ya shiga jihar Tawa. Yau ana kwaikwayonsa a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya.

Masu nazari sun fi kallon akwatin a matsayin ƙaramin banki. Wannan maƙala tana kallon tabarmar da ake zama a kai. A ɗauka mata 30 ne, kowace na zuba dala ashirin, wato sefa 100, duk mako. Cikin mako 40 an tara jika 120, kuɗin da bai taka kara ya karya ba idan aka raba. Amma tsakanin mata 30 akwai alaƙa 435 ta mutum biyu-biyu, kuma kowace alaƙa an sabunta ta sau 40 cikin shekara, ido da ido. Babu wani taron otal da zai iya kusantar wannan adadi.

Yawan haɗuwa kaɗai ba shi ne ba, domin a bakin rijiya ma ana haɗuwa kullum. Abin da ya bambanta zaman asusu shi ne shaida. Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, makullan na hannun mata uku, ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Zubi a bainar jama'a ake ƙirga shi da murya. Wadda ta makara ko ta yi fashi ba dalili tana biyan tara. A tsarin farko ma ba a dogara da littafi ba, saboda akasarin matan ba su yi lakwal ba, a ka ake riƙe lissafi, kowace ta san abin da ake bin ta da abin da ake bin ta kusa da ita. Masana harkar kuɗi sun ɗauki wannan a matsayin rauni da ya kamata a gyara da biro da takarda. A ganina nan ne ƙarfin abin yake. Idan mace ta karɓi jika biyar ta sari gyaɗa ta yi mai da ƙuliƙuli, ta dawo da kuɗin ranar da ta ce, mutum 29 sun gani. Ta maimaita sau uku, ta samu abin da banki ke kira tarihin biyan bashi, sai dai nata yana rubuce a bakin mutane, kuma bakin mutane yana tafiya.

Ina yake zuwa? A nan hukuncin magadan Granovetter yake rushewa. A ƙasar Hausa mace ce ke tashi ta koma gidan miji, sau da yawa a wani gari. Don haka mata 30 da ke zaune kan tabarma ɗaya a wani ƙauyen Garhanga ba lalle 'yan asalin ƙauyen ba ne duka. Wata daga wajen Tamaske aka kawo ta, inda ake noman albasa da fatauci, wata daga ƙasar Buza, wata kuma tana da 'yar uwa a Madawa, garin da ya yi suna da tabarmin kaba. Kowace na komawa garinsu suna ko aure ko gaisuwar mutuwa, ta tafi da labari ta dawo da wani: nawa tiyar wake take a can, wa ke neman mai kawo masa kaba, wace dillaliya ce ba ta cin amana. Ga kuma miji ko ɗa a Abijan ko Legas, wanda saƙon muryarsa ke shigowa ta WhatsApp, kuɗinsa ta kamfanin Nita ko Al Izza. Sanayyar nesa da ake cewa babu, aure ya riga ya shuka ta cikin kowace ƙungiya. Zaman mako-mako shi ne wurin da ake juye ta kowa ya ɗiba.

Buki ma haka yake aiki, har ya fi tsanani. Gudummawar da mace ta kai bashi ce da ba a rubuta ba, ana tuna ta, ana rama ta da ƙari idan nata ya tashi. Cooper ta nuna yadda matan Maraɗi ke gina daraja da wannan musaya. Wanda ya ga kwalla da atamfa ya ce almubazzaranci ne ya ga rabin abin. Wadda ta yi shekara goma ba ta taɓa fashin bukin ƙawarta ba, ita ce za a ba kaya a kasuwa a ce ta kawo kuɗi mako mai zuwa. 

Daga wannan tushe ne sauran abubuwa suka tsiro. Ƙungiyoyi sun haɗu sun zama gamayya, wasu suka kafa rumbun tsimi, abin da darajarsa ta fito a yunwar 2005, lokacin da likitocin MSF suka buɗe cibiyar jinyar yara masu tamowa a Keita. Da dokar kaso ta 2000 ta tanadar wa mata kujeru, aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Yulin 2004, an samu matan asusu cikin waɗanda suka zama kansiloli a sassan ƙasar. An rusa majalisun ƙananan hukumomin a Afrilun 2024, wasu masu ba da tallafi sun janye bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, amma zaman da ba ya jiran kuɗin kowa ba ya bukatar izinin kowa kafin a shimfiɗa tabarma.

Taron birni

Ba a ce tarukan birni ba su da amfani ba. Baje kolin SAFEM da ake yi a Yamai tun 2000 ya fitar da aikin hannun mata ga masu saye daga waje, bikin 13 ga Mayu kuma yana tuna tattakin da mata suka yi a 1991 don neman gurbi a shirin Taron Ƙasa. Amma idan aka yi musu tambayoyi ukun nan, amsar ba ta da daɗi. Mai zuwa ita ce mai jin Faransanci, ko wadda jami'in furoje ya sani, irin dillalan raya ƙasa da Bierschenk da Chauveau da Olivier de Sardan suka siffanta a 2000. Haɗuwa sau ɗaya ce. Babu abin da ke wuyan kowa, hasali ma biyan mutum ake yi ya zo. Lambar wayar da aka karɓa a irin wannan wuri ba ta da mai tsaya mata.

Iyakar binciken

Dole a amsa wasu abubuwa, ko da ba a so. Maƙalar ba ƙidaya ba ce, nazarin tsari ne. Wadda ba ta da dala ashirin ɗin mako tana wajen tabarma, kuma maganar asali ba ta mutu a Adar ba. Binciken Dean Karlan da abokansa na 2017 a Gana da Malawi da Uganda ya ga ƙungiyoyin asusu sun inganta sana'o'in gida da ƙarfin muryar mata, bai ga ƙaruwar kuɗin shiga na iyali ba. Akwati ba zai sayi mota mai kai albasa Abijan ba. Duk wannan gaskiya ne, sai dai ko ɗaya bai nuna cewa matan ba su da mutane ba, wanda shi ne abin da ake gardama a kai.

Shawara

Mai kuɗin shirya wa matan Garhanga taro ya fara tambayar ranar da suke zama, ya je ya same su a can. Idan tafiya ta zama dole, ƙungiya ce za ta zaɓi mai wakiltarta a gaban akwati, ta dawo ta ba da bayani a zama na gaba. Kuɗin zauren otal na yini ɗaya a mayar da shi kuɗin mota, domin gamayyar Garhanga ta ziyarci ta Buza da ta Madawa ranar kasuwa, su ma su rama ziyarar kafin damina.