Iyakar Mita Goma: Yadda Injin Ruwa Ya Shiga Gidajen Tudun Wada

Tudun Wada ta tsiro ne a bayan ganuwar Zazzau a zamanin Turawa, mazaunin baƙi 'yan Arewa waɗanda ba haifaffun birni ba. Ruwanta na farko na rijiya ne, da guga da igiya. A 1939, shekarar da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, aka buɗe ma'aikatar ruwa ta farko a bakin kogin Galma, ta biyu kuma ta biyo baya a 1975. Gari ya yi ta faɗi, famfo bai bi shi ba. "Ruwan Zariya" ya zama alkawarin kowane ɗan takara, har gwamnatin Namadi Sambo ta ba da kwangilar sabuwar matata a 2008, wadda ba a buɗe ba sai 2017, da ƙarfin tace lita miliyan 150 a rana. A tsakanin waɗannan shekaru, duk gidan da ke da hali ya zama hukumar ruwan kansa: rijiya a tsakar gida, tanki a sama, ƙaramin injin lantarki a tsakaninsu.

Injin nan ya girmi Tudun Wada nesa ba kusa ba. Wani Bafaranshe, Denis Papin, ya ƙera irinsa a ƙarshen ƙarni na 17, da fanka mai miƙaƙƙun fikafikai. Bai yi wani kataɓus ba sai a 1851, da John Appold ya nuna nasa a babban baje kolin Landan, mai lanƙwasassun fikafikai, ya tsere wa sauran. Fanka tana juyawa cikin kwanso, tana watsa ruwa gefe, kamar yadda ruwa ke fantsama daga tayar keke a damina. Tsakiyarta sai ta zama fanko, sabon ruwa ya taso ya cike gurbin.

To, mene ne ke taso da shi? Mutane na cewa inji yana "zuƙo" ruwa, amma ba shi ke ɗagowa ba. Nauyin iskar da ke danne saman ruwan rijiya shi ke tura ruwan cikin bututu. Torricelli ya tabbatar da wannan a Italiya a 1643, bayan masu famfo sun daɗe suna mamakin yadda ruwa ke tsayawa cak a wajen mita 10. Zariya kuwa tana kan tudu, fiye da mita 600 sama da teku, iskarta ta fi sauƙi, iyakarta ta gaza goman. A aikace, da ruwa ya nutsa ya wuce mita bakwai ko takwas, inji ya sare.

Wani ɓangare na abin da ake kira lalacewar inji daga nan yake. A watan Satumba rijiya cike take, inji na aiki lafiya lau. A Afrilu ruwa ya ja ƙasa, sai a ji shi yana kuka kamar an zuba masa tsakuwa: ruwan ne ke yin kumfar tururi saboda ƙarancin matsi, kumfar na fashewa tana cin fanka. Maigida ya kira makaniki, a kwance, a ɗaure, a biya, alhali injin ba shi da laifi. Haka kuma fankar ba ta iya tura iska, shi ya sa dole a ɗura wa kwanso ruwa kafin a kunna. In kullum sai an sake ɗurawa, bawul ɗin da ke bakin bututu a ƙasan rijiya ne ke yoyo, ko wata mahaɗa tana shan iska. Mai hankali yakan duba waɗannan kafin ya taɓa koyil. Bari inji ya yi ta juyawa a bushe kuwa ganganci ne, robar da ke tare ruwa a bakin sandarsa ce za ta ƙone. In ya yi gurnani bai juya ba, a zargi kwandensa ko raunin wutar Nepa.

Sumo ya shigo ne don ya kauce wa wannan iyaka. Shi ma fanka ne, sai dai an jera su da yawa kan sanda ɗaya, an nutsar da su cikin ruwan, suna turowa daga ƙasa. Da shi aka samu damar haƙa rijiyar burtsatse mai zurfi, da shi kuma 'yan garuwa suka samu inda za su cika jarkokinsu. Sai dai ƙasar Zariya dutse ne, irin na Kufena, ruwanta a ruɓaɓɓen saman dutsen da tsagoginsa yake kwance, kuma ba shi da yawa. Inda burtsatse ta yi yawa a layi ɗaya, rijiyar maƙwabcin da bai da kuɗin haƙa ita ke fara ƙafewa a bazara.