Kamun Kifi da Layin Ƙugiya a Jihar Kebbi

Gabatarwa

Allah Ya albarkaci Jihar Kebbi da ruwaye masu yawa, waɗanda suka haɗa da Kogin Kwara da Gulbin Rima da kuma Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1968. Saboda haka su na daga cikin manyan sana'o'in da muka gada, musamman a masarautun Yawuri da Argungu. Daga cikin dabarun da masuntanmu ke amfani da su akwai layin ƙugiya mai abinci, wanda wasu ke kira rinca. Ana girka shi ne wuri ɗaya a cikin ruwa, a bar shi ya yi aiki ba tare da an tsare shi ba.

Yadda Ake Girka Shi

Layin doguwar igiya ce mai ƙarfi, wadda ake rataya wa gajerun zarurruka a jere, kowane da ƙugiya a bakinsa. Akan ɗaure ƙarshenta biyu a jikin turaku ko itatuwan bakin ruwa, a sa duwatsu domin ta nutse, sannan a ɗaura gora ko wani abu mai yawo bisa ruwa domin a gane wurin. Abincin da ake maƙala wa ƙugiyoyin ya haɗa da tana da fara da ƙananan kifaye, wani lokaci har da gutsuren sabulu. Galibi akan girka da yamma, a koma dubawa da asuba, domin da dare ne tarwaɗa da ramboshi da ragon ruwa suka fi fitowa kiwo. Haka kuma akan samu giwan ruwa idan an sa ƙaramin kifi mai rai.

Wannan layi ya bambanta da fatsa, wadda mai ita ke riƙe da ita a hannu. Ya kuma bambanta da mamari, wanda ƙugiyoyinsa ke kusa da juna kuma ba a sa musu abinci, sai dai su sarƙe jikin duk kifin da ya gifta.

Amfaninsa

Layin ƙugiya bai kai manyan taruna tsada ba, kuma mutum ɗaya da ƙaramin kwalekwale na iya sarrafa shi. Wannan ya sa ya dace da manomin da ke haɗa noma da su. Bugu da ƙari, girman ƙugiya ne ke zaɓen kifin da za a kama. A irin ƙugiyoyin da aka saba sayarwa a kasuwanninmu, gwargwadon girman lamba gwargwadon ƙanƙantar ƙugiya. Wanda ya sa babbar ƙugiya ya bar ƙananan kifaye su girma su hayayyafa.

Abubuwan Kiyayewa

Kifin da ya daɗe a ƙugiya yakan mutu ya ruɓe, ko wani kifin ya cinye shi, don haka jinkirin dubawa hasara ce. Layin da aka yi watsi da shi kuwa yakan ci gaba da kashe kifi da kunkuru da tsuntsaye, yana kuma iya raunata masu wanka da dabbobin da ke zuwa shan ruwa.

Saboda haka muna kira ga masunta da su riƙa sa alama a kan layukansu, su nisanci mashaya da hanyoyin jiragen fito, su kuma kwashe kayansu idan sun gama aiki. Ya kamata baƙo ya nemi izinin Sarkin Ruwa kafin ya girka layi, domin kauce wa rikici. Da farkon damina, lokacin da kifi ke shiga fadamu domin zuba ƙwai, ya dace a sassauta. Kifin da aka bari a wannan lokaci shi ne abin da za mu kama baɗi.