Masaukin Alhazai a Mai Wurno

'Yan uwana mata, kafin zuwan jirgin sama, da ƙafa kakanninmu ke tafiya Makka, ta Borno da Wadai da Darfur, wani sai ya yi shekaru a hanya. To ina suke sauka? Gidan aminai mana.

Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya yi hijira zuwa Sudan, ya kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu, kusa da Sinnar. Nan alhazai kan yada zango wajen abokai, a yi noma tare har guzuri ya taru. Daka da tuwon baƙi kuwa duk a wuyan matan gida suke, ga shi ba a cika ambatonsu ba. Wasu baƙin ma a nan suka yi aure, suka zauna.