DAGA FALLOMI ZUWA "JANTI": SUNAN DA MUKA DAƊE MUNA KARANTAWA BA DAIDAI BA



Duk wanda ya tashi a Jos a gaban tsofaffin direbobi ko alhazan da suka je Makka ta ƙasa, ya ji ana ambaton Fallomi. Kafin layin dogo ya isa Maiduguri a 1964, a nan garin ake sauke kayan Borno da Chadi daga jirgin ƙasa, manyan motoci su kwasa su bi ta Bauchi da Potiskum zuwa Maiduguri, wasu su zarce Fallomi. Da yawanmu mun girma ba mu san cewa sunan wani Bafaranshe ne a cikin kalmar ba.

Fallomi ita ce Fort-Lamy, wadda aka mayar N'Djamena a 1973. Lamy kwamandan soja ne. Wanda ya raɗa wa garin sunansa kuwa jami'in mulkin mallaka ne, Émile Gentil, wanda aka haifa a 1866, ya mutu a 1914. Sunan wannan na biyun ne ya jawo mana gardama a zamanmu na ƙarshe. Matasanmu suka karanta shi "Jentil", kamar yadda makarantar Ingilishi ta saba mana, sai wani ɗan uwa mutumin Maraɗi ya yi dariya ya gyara mana.

Ga yadda abin yake. A Faransanci, idan G ya zo gaban E, ana furta shi kamar J mai laushi, irin wanda ake ji a bakin Hausawan Nijar. EN kuma yana fitowa ta hanci, kusa da "an". L na ƙarshe ba a furta shi sam. Ke nan mafi kusa a harshenmu shi ne "Janti". Lamy ba shi da wuya: "Lami" ne, tamkar sunan 'yar da aka haifa ranar Alhamis.

To, wane ne Janti? Shi ne ya taso daga Kongo da jirgin ruwa mai suna Léon Blot, ya bi kogin Shari har Tafkin Chadi a 1897. A lokacin Rabe ne ke riƙe da Borno, bayan ya rushe Kukawa a 1893 ya zauna a Dikwa. A ranar 22 ga Afrilu, 1900, rundunoni uku na Faransa suka haɗu suka auka masa a Kusuri: ta Janti daga kudu, ta Lami wadda ta keto Sahara ta biyo ta Agadas da Damagaram, da kuma ragowar rundunar Voulet da Chanoine da ta ƙone garuruwan Hausa a 1899. Rabe ya mutu a wannan yaƙi, Lami ma ya mutu. Bayan 'yan makonni Janti ya kafa sansani a ƙetaren kogin, ya sa masa sunan Lami. Shi ma ya bar nasa sunan a Gabon: birnin Port-Gentil, cibiyar man fetur ta ƙasar, wanda ake furtawa "Por-Janti".

Abin da ya ba mu mamaki shi ne, kakanninmu sun fi mu kusa da daidai. Faransawa ba sa furta T ɗin "Fort". "For-Lami" suke cewa. Kunne ya ji haka, harshen Bahaushe kuma ya haɗe R da L, kamar yadda "rigar Ladi" kan koma "rigal Ladi". Haka aka samu Fallomi. Su da kunne suka koya, mu kuma da ido, shi ya sa muka yi tuntuɓe. Irin wannan ne ya mayar da Port Harcourt Fatakwal, Lugard kuma Lugga.

Shawararmu ita ce: in za mu rubuta, mu sa Gentil yadda yake, don mai bincike ya same shi, in za mu faɗa, mu ce Janti. Gyara sunan ba girmama mai shi ba ne, hanya ce ta sanin wanda ya sa hannu wajen raba ƙasar Borno. Kuma kada yaro ya yi wa tsoho dariya don ya ce Fallomi. Masu irin waɗannan sunaye a baki suna ƙarewa. Wanda ke da dattijo a gida, a Gangare ko Dilimi ko Bukur, ya zauna da shi ya ɗauki muryarsa a waya tun da sauran lokaci.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu zaman lafiya a Filato. Amin.