Daga Dogon Ƙaura Namoda Zuwa Gamayyar Kwamfutoci: Tarihin Ma'auni Ɗaya

Gabatarwa

A shekarar 1929 ne dogon jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya iso Ƙaura Namoda, a nan kuwa ya tsaya. Tun daga sannan, gyaɗa da audugar da manoman Ɗan Isa da Zurmi da Shinkafi suka noma, idan an kawo su tashar Ƙaura bisa jakuna da raƙuma an loda a tarago, to, taragon nan yana iya tafiya har bakin teku a Ikko ba tare da an sauke buhu ko ɗaya a hanya ba. Dalili kuwa shi ne tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogon Ƙaura ƙafa 3 ce da inci 6, daidai da ta dogon Kano, daidai da ta Ikko.

Ba ko'ina aka yi wannan dace ba. Ƙaramin dogon da aka shimfiɗa daga Zariya zuwa Jos, wanda aka gama a 1914, faɗinsa ƙafa 2 ne da inci 6, domin ya fi arha. Saboda haka duk kuzar da aka ɗauko daga Jos, in ta iso Zariya sai leburori sun sauke ta sun sāke loda ta a manyan taragu. Da babban dogo ya shiga Jos ta Kafanchan a 1927 sai darajar ƙaramin ta fara raguwa, har aka rufe shi a 1957.

Wannan lacca za ta bi tarihin wata matsala irin wannan da ta taso a fagen kwamfuta, wato yadda aka yi fama aka sa manyan kwamfutocin jami'o'i da cibiyoyin bincike na ƙasashe dabam-dabam su yi aiki tare. Abin da tarihin ya nuna shi ne, haɗa na'urori da waya ba shi ne mai wuya ba. Mai wuyar shi ne masu na'urorin su yarda da ma'auni ɗaya, ma'aunin kuma ya zama na kowa.

Harshe Ɗaya Tsakanin Na'urori

A zamanin farko kowane kamfani yana ƙera kwamfutarsa da irin nata harshen, ta yadda na'urar wannan kamfani ba ta jin maganar ta wancan. A 1969 Ma'aikatar Tsaron Amurka ta fara haɗa kwamfutocin wasu jami'o'i da cibiyoyi a wani tsari da ake kira ARPANET. A 1974 masana biyu, Vinton Cerf da Robert Kahn, suka buga tsarin da zai sa hanyoyin sadarwa iri-iri su riƙa miƙa wa juna saƙo, ran 1 ga Janairu 1983 kuma ARPANET ta koma kan wannan ƙa'ida da aka sani da TCP/IP. Ita ce tushen intanet.

Ya kamata a lura da abin da ake nufi da buɗaɗɗiyar ƙa'ida. Ita ce wadda aka rubuta dalla-dalla aka baza, kowa na iya karantawa kyauta, kowa na iya ƙera na'ura ko rubuta manhaja bisa ita ba tare da neman izini ba, kuma a bainar jama'a ake shawarar gyara ta. Misali na kusa shi ne sunan Ɗan Isa kansa. Akwai lokacin da haruffan ɓ da ɗ da ƙ sukan rikiɗe in an kai rubutu daga wata kwamfuta zuwa wata, domin kowane mai buga littafi da dabararsa. Ƙa'idar Unicode, wadda aka fara bugawa a 1991, ita ta ba kowane harafi lamba guda da duk na'urori za su gane.

Asalin Gamayyar Kwamfutoci

Intanet ta sa kwamfutoci suna aika wa juna saƙo, amma masu bincike suna son abin da ya fi haka. Suna son mai lissafin da ya fi ƙarfin kwamfutar jami'arsa ya iya aron ƙarfin ta wata jami'a wadda ke zaune ba aiki a lokacin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 1995, a wani taro a birnin San Diyego na Amurka, an gwada haɗa cibiyoyi 17 na ɗan lokaci. Daga wannan gwaji ne Ian Foster da Carl Kesselman da Steve Tuecke suka ci gaba da aikin wata manhaja mai suna Globus. Suka kira tsarin girid, suna kwatanta shi da layukan wutar lantarki, inda mai kunna fitila ba ya tambaya ko daga Kainji wutar ta zo ko daga Shiroro. A Hausance ana iya kiransa gamayyar kwamfutoci.

Aikin manhaja irin Globus aikin dillali ne. Ita ke tsayawa tsakanin mai bincike da na'urorin da ba nasa ba, ta tabbatar da ko shi wane ne, ta nemo masa na'urar da ke da sarari, ta kai aikin, ta komo da sakamako. To, amma dillalan sai suka yi yawa. Jamus ta fara tata mai suna UNICORE a 1997, ƙasashen arewacin Turai suka yi ARC, babban shirin Tarayyar Turai mai suna EGEE da aka fara a 2004 ya fito da gLite. Kowace tana aiki sosai a gidanta, amma aikin da aka shirya domin wannan ba ya shiga waccan sai an sāke rubuta shi. Wato abin da ya faru a tashar Zariya ya sāke faruwa.

Zauren Tsara Ƙa'idoji

Masu wannan aiki sun hango haɗarin da wuri. A 2001 ƙungiyoyinsu na Amurka da Turai da Asiya suka haɗu suka zama zaure ɗaya mai suna Global Grid Forum, wanda ya yi taronsa na farko a Amsterdam. Kamfanoni kuma suka kafa nasu a 2004. Da aka ga zaure biyu zai iya haifar da ma'auni biyu, sai aka haɗe su a 2006 aka sami Open Grid Forum.

Abubuwa huɗu ne aka fi buƙatar daidaitawa. Na farko, shaida. Cibiya ba za ta buɗe wa baƙo na'urarta ba sai ta san wanda ya tsaya masa, kamar yadda a zamanin fatauci fatoma ne ke tsaya wa baƙon falke a kasuwar da ba a san shi ba. Aka yi amfani da takardar shaida ta lantarki, a 2005 kuma aka kafa tarayyar hukumomin da ke ba da ita, domin shaidar da aka bayar a Japan ta karɓu a Faransa. Na biyu, bayanin aiki, wato yadda mai bincike zai faɗi manhajar da za a kunna da yawan ƙarfin da yake buƙata. Ƙa'idarsa mai suna JSDL ta fito a 2005. Na uku, yadda kowace cibiya za ta bayyana abin da ta mallaka. Wannan ita ce GLUE, wadda zauren ya buga ta biyunta a 2009. Na huɗu, jigilar bayanai masu yawan gaske, wadda aka yi wa ƙa'idar GridFTP.

Ba a rasa tuntuɓe ba. A 2003 an buga wata babbar ƙa'ida mai suna OGSI, amma tun farkon 2004 aka ba da sanarwar wata da za ta maye gurbinta, waɗanda suka riga suka yi gini a kanta kuwa sai da suka sāke aiki. Darasin da aka koya shi ne, ƙa'idar da aka yi gaggawar rubutawa kafin a gwada ta a aikace ba ta daɗewa. Waɗanda suka yi ƙarko su ne waɗanda ƙungiyoyi dabam-dabam suka rubuta manhajojinsu bisa su, aka kuma ga manhajojin sun fahimci juna.

Babban Gwaji

Wurin da aka gwada tsarin sosai shi ne cibiyar CERN da ke kusa da Janeba, kan iyakar Suwizalan da Faransa. A can akwai wata na'ura cikin rami mai kewayen kilomita 27, inda ake karo da ƙananan ƙwayoyin halitta domin sanin asalinsu. Bayanan da take fitarwa sun fi ƙarfin cibiya ɗaya, don haka aka rarraba su ga cibiyoyi kimanin 170 a ƙasashe fiye da 40, har da Afirka ta Kudu. Cibiyoyin Turai da na Amurka ba manhaja ɗaya suke amfani da ita ba, kowace kuma gwamnatinta ke biyan kuɗinta, amma saboda sun yarda da ƙa'idojin shaida da jigila, aiki ya riƙa ratsa su. Da wannan gamayya aka tace bayanan da suka kai ga sanarwar gano ƙwayar Higgs ran 4 ga Yuli 2012.

Daga 2006 kamfanin Amazon ya fara ba da hayar kwamfutocinsa ta intanet, wasu kamfanoni suka bi, masu bincike da yawa kuwa suka koma can domin sauƙi. Sai dai kowane kamfani da tsarinsa, wanda ya tara bayanansa a wurin ɗaya yakan sha wuya in zai ƙaura. A farkon 2018 masu Globus suka daina kula da tsohuwar manhajar, amma da yake a buɗe take, cibiyoyin da ke amfani da ita suka ɗauka suka ci gaba da gyaranta da kansu. Da ta wani kamfani ce a rufe, da ranar da ya janye aikinsu ya tsaya.

Matsayin Nijeriya

Gamayya ba ta yiwuwa sai an fara shimfiɗa dogonta. A 2010 aka kafa WACREN a birnin Akara, domin haɗa hanyoyin sadarwar jami'o'in Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. A 2014 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, da taimakon Bankin Duniya, ta ƙaddamar da NgREN, wadda a matakin farko ta haɗa jami'o'in tarayya 27. Ma'anar wannan ga arewacin Zamfara a fili take. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, da Jami'ar Tarayya ta Gusau ta 2013, ba lalle ne kowace ta sayi babbar kwamfuta ba. Ɗalibin da ya fito daga Ɗan Isa yana nazarin sauyin damina, ko yaɗuwar cutar sanƙarau, zai iya tura lissafinsa Zariya ko Kano ko bayan teku, muddin makarantarsa tana da wuta da layi mai ƙarfi, tana kuma bin ƙa'idojin da sauran ke bi. Mai ƙaramin ƙarfi shi ya fi kowa cin ribar ma'auni ɗaya, shi ne kuma ya fi kowa asara in babu shi.

Kammalawa

Tarihin nan ya shafi ma'aikacin gwamnati kai tsaye, domin shi ke sa hannu a takardar sayen kaya. Kafin ma'aikata ta karɓi wani tsarin kwamfuta, ko na albashi ne, ko na asibiti, ko na sakamakon jarrabawa, ya kamata a yi tambaya uku. Shin ƙa'idar da aka gina shi a kanta a rubuce take, kowa na iya gani? Shin zai iya musayar bayani da na ma'aikatar da ke maƙwabtaka? In kamfanin ya tafi, bayanan jama'a za su fita lafiya? Ɗalibi kuma ya sani cewa manhajoji suna zuwa suna wucewa, amma wanda ya laƙanci ƙa'ida zai iya aiki da duk wadda ta zo.

Wanda ya zaɓi ƙaramin dogo domin Jos ya yi tsimin kuɗi a ranar, amma leburori sun yi shekaru suna sauke kuza a Zariya. Batun faɗin dogo ma bai ƙare ba, domin layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 faɗinsa ƙafa 4 ne da inci 8½, taragonsa kuwa ba zai hau dogon da ya iso Ƙaura Namoda a 1929 ba.