Hukumar da ke tsaya wa mai ajiya idan banki ya rushe

Tun kafin samun 'yancin kai 'yan Najeriya suka ɗanɗani ɗacin rushewar banki. A ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon 1950 an yi ta buɗe bankunan 'yan ƙasa, akasarinsu a Legas, babu doka, babu mai sa ido. Kafin 1954 ta ƙare mafi yawansu sun mutu, kuɗin masu ajiya ya bi ruwa. Farkon wannan rushewa ne ya haifi dokar banki ta 1952, daga baya Babban Bankin Najeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 1959. Sai dai duba littattafan banki daban, biyan mutumin da aka rufe wa ƙofa daban. Shekara talatin aka yi ba a ɗora wa kowa wannan alhaki na biyu ba.

A 1983 wani kwamiti da Babban Banki ya kafa ya ba da shawarar a samar da asusun kare masu ajiya. Shawarar ta kwanta har zuwa lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki a 1986, ta sassauta sharuɗɗan ba da lasisi. Bankunan da ba su wuce 40 da 'yan kai ba suka haura 100 cikin 'yan shekaru, da yawansu ba su da sana'ar da ta wuce cinikin dala. Masu hangen nesa sun san ruwa na tafe. Da dokar soja mai lamba 22 ta 1988 aka kafa Hukumar Inshorar Ajiyar Banki ta Najeriya, wadda aka fi sani da NDIC, ta fara aiki a watan Maris 1989. An yi koyi ne da Amurka, wadda ta kafa irin tata a 1933 bayan dubban bankunanta sun durƙushe.

Tsarin ba shi da sarƙaƙiya. Kowane banki mai lasisi yana biyan hukumar wani kaso kowace shekara gwargwadon ajiyar da ke hannunsa. Mai ajiya ba ya biyan ko kwabo, ba ya cike takarda. Ranar da Babban Banki ya soke lasisi, hukumar ta shiga ta karɓi makullai, ta biya kowa har iyakar adadin da doka ta yanke, wanda da farko Naira 50,000 ne. Abin da ya haura haka sai an sayar da gine-ginen bankin, an karɓo basussukan da yake bin mutane, a raba.

Ba ta daɗe ba aka gwada ta. A 1994 aka fara rufe bankuna, a shekarar kuma gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafa kotunan musamman na hukunta waɗanda suka kashe bankuna da cin bashi. Ranar 16 ga Janairu 1998 aka soke lasisin bankuna 26 a lokaci guda. Binciken da aka yi ya yi ta komawa wuri ɗaya: daraktoci ne ke ba kansu da 'yan'uwansu da abokansu rance ba jingina. Ciwon nan bai warke ba har yau.

Mutanen tsohuwar Jihar Sakkwato, wadda aka ciri Kebbi daga cikinta a 1991, sun ga wannan zamani da idonsu. Bankin Gamji na gwamnatin jiha ya koma International Trust Bank, Oceanic ya haɗiye shi a lokacin haɗe bankuna na 2005, shi ma Oceanic ya shige cikin Ecobank a 2011. Bankin Arewa kuwa ya narke cikin Unity a 2006. Haɗewar ta biyo bayan umarnin gwamnan Babban Banki na lokacin, Charles Soludo, na Yuli 2004 cewa jarin kowane banki ya tashi daga Naira biliyan 2 zuwa 25, abin da ya mai da bankuna 89 suka koma 25. Waɗanda suka kasa, hannun NDIC suka faɗa.

Daga nan hukumar ta koyi dabarar da ta fi biyan diyya amfani, wato hana ƙofa rufuwa tun farko. A Agusta 2011 ta karɓi Afribank da Spring da Bank PHB, ta mai da su Mainstreet da Enterprise da Keystone, masu ajiya suka wayi gari da sabon allo a ƙofa, kuɗinsu na nan. Haka aka yi wa Skye a 2018, ya zama Polaris. Bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin Jaiz da ya buɗe a 2012, an ware musu asusun inshorarsu daban, abin da ya kamata malamanmu su riƙa faɗa wa masu ƙyamar banki.

Inda hukumar ta yi jinkiri shi ne wajen adadin diyya. An ɗaga shi zuwa Naira 200,000 a 2006, sannan 500,000 a 2010, daga nan ya tsaya cik shekara 14 alhali Naira tana zubewa. A auna wannan da rayuwar manomin albasa na Sabiyal ko Aliero. Kuɗinsa ba albashi ba ne da ke shigowa wata-wata. Yana zuwa ne a dunƙule idan aka fasa rumbu aka loda motoci zuwa Kudu, da shi zai sayi taki da man injin ban ruwa, ya yi auren 'ya'ya, ya ci har wata kaka. Haka dillalin hatsi na kasuwar Jega yake. A gare su, diyyar rabin miliyan a shekarun baya-bayan nan ba ta kai ta kwantar da hankali ba, kuma ban ga laifin wanda ya gwammace ya mai da cinikinsa shanu ba. Sai a 2024 aka kai ta Naira miliyan 5 ga manyan bankuna, miliyan 2 ga ƙananan bankunan al'umma.

Makonni kaɗan bayan haka, ranar 3 ga Yuni 2024, aka soke lasisin bankin Heritage. A wannan karon hukumar ta bi lambar tantance masu asusu ta BVN ta gano asusun da masu ajiya ke da shi a wasu bankuna, ta tura musu kuɗinsu ba tare da sun yi layi ba. Ci gaba ne na gaske. Amma wanda asusunsa ɗaya tak, ko wanda sunansa na BVN ya saɓa da na banki, sai ya nemi hukumar da kansa da shaida a hannu, kuma irin waɗannan sun fi yawa a ƙauyukan Maiyama da Jega bisa ga birane. Ƙananan bankunan da ke kusa da su ne kuma suka fi saurin mutuwa: a Mayu 2023 kaɗai an soke lasisin guda 179.

Kariyar tana da iyaka da ya wajaba a sani. Ba ta shafi adashe ba, ba ta shafi kuɗin da aka damƙa wa mai POS ya riƙe amana ba, balle kamfanonin da ke alkawarin ninka jari cikin wata guda, irin MMM da ya cinye dukiyar jama'a a 2016. Kafin mutum ya zuba kuɗin albasarsa a wani wuri, ya tambaya ko wurin yana da lasisin Babban Banki, ko sunansa na cikin waɗanda NDIC ta yi wa inshora, ya kuma tabbatar asusun da sunansa aka buɗe, ba da na ɗansa ko maƙwabcinsa ba.